Naƙuda Ba Ta Jiran Gari Ya Waye

A ƙauyuka da dama na Borno da Zamfara, da magariba ta yi, hanya ta rufe ke nan: ko dokar hana fita, ko tsoron 'yan bindiga. Ita kuwa matar da jini ya ɓalle wa bayan haihuwa, cikin awa biyu tana iya rasa ranta idan ba a tsayar da shi ba.

Asibitin ma ba ko'ina ake samunsa ba. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba cibiyoyin lafiya 743 a Borno, ta tarar an rusa kashi 35 cikin ɗari ƙurmus. Ma'aikata da yawa sun tsere, an kuma kashe ungozomomi biyu na Red Cross da aka sace a Rann a 2018. Inda masu rigakafi suka kasa shiga kuwa, cuta ta samu wuri: shan inna ya sake ɓulla a Gwoza da Jere a 2016.

A irin wannan hali, shiri tun kafin naƙuda shi ne mafita. Mai ciki ta fara awo tun watannin farko, ko a sansanin gudun hijira take. Idan wata na tara ya kama, gara ta koma gidan dangi kusa da asibiti. Maigida ya tanadi kuɗin mota, lambar direba, da ɗan'uwan da zai ba da jini.

Zubar jini, ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska, jijjiga, ko naƙudar da ta wuce awa 12, duk ba na rubutu da jiƙo ba ne, na asibiti ne. A wurin awo a tambayi ƙwayar misoprostol mai rage zubar jini. Bayan jariri ya fito ake shan ta; shan ta kafin nan haɗari ne babba. Cibiya kuma a shafa mata maganin chlorhexidine, ban da toka ko man goge baki.

Jariri ya sha dakashi, ya ci gaba da nonon uwa zalla har wata shida, domin ruwan sansani na kawo gudawa. Yaron da ma'aunin dantse ya nuna ja, tamowa ta yi masa tsanani, a kai shi cibiyar lafiya a ranar.

Masu unguwanni da limamai su taimaka a san kowace mai ciki a gari, a kuma tsara yadda za a fitar da ita kafin duhu ya shiga.