Sunan Marubuci da Yaɗuwar Rubutu a Kafofin Sadarwa na Zamani

Manazarta adabin Hausa sun san cewa rubutacciyar waƙa tana da mabuɗi da marufi. A marufin ne marubucin ƙarni na 19 yakan ambaci sunansa, wani lokaci har da na mahaifinsa, sa'an nan ya kawo ramzi, watau shekarar da ya yi waƙar a cikin haruffa. Hikimar hakan ita ce, waƙa ba ta zama a hannun mai ita. Ɗalibi yakan kwafa, mabaraci ya haddace ya rera a kasuwa, kamar dai yadda Imfiraji ta Aliyu Namangi ta zaga ƙasar Hausa a bakin makafi. Da yake sunan yana ɗaure da kari da amsa-amo, duk mai son cire shi sai ya karya baitin.

Marubucin intanet bai sami wannan gata ba. Alal misali, a ɗauki marubuciyar ƙagaggun labarai da ke zaune a Rafin Guza, kusa da Kawo a arewacin Kogin Kaduna. Da laƙabi masu karatu suka san ta, da shi suke neman ta, da shi kuma suke biyan kuɗin littafi. Laƙabin nan shi ne jarinta, amma a saman shafi yake, a wajen labarin.

Hanya biyu rubutunta yake bi ya yaɗu. Ta farko ita ce ta na'ura: akan haɗa shafin rubutu da Facebook ko wata kafa, ta yadda da zarar sabon babi ya fito, manhaja za ta aika kanunsa da mahaɗinsa ba tare da an sa hannu ba. Wannan hanya takan tsare suna, domin mahaɗin yana mai da mai karatu tushe. Sai dai aron hannu ce, kuma mai hannu yakan karɓe abinsa. A watan Agusta na 2018 Facebook ya hana manhajojin waje aika rubutu kai tsaye zuwa shafin mutum na kansa. A 2023 kuma Twitter ya sa kuɗi a kan wannan ƙofa, har WordPress ya daina aikawa can.

Ta biyu, wadda ta fi ƙarfi a Kaduna da Kano, ita ce ta hannu: a kwafi babi a zuba a zauren WhatsApp. Tun 2018 manhajar takan nuna cewa saƙo turo shi aka yi, amma ba ta faɗin daga wa ya samo asali. Goge layin farko kawai ya isa ya raba labari da mai shi, har wani ya ɗora nasa sunan ya sayar.

Saboda haka ne wasu marubutan suka koma ga dabarar magabata, ko da ba su sani ba. Sukan cusa laƙabinsu a tsakiyar babi, tsakanin maganar wannan tauraro da ta wancan, inda mai kwafa ba zai lura da shi ba sai ya karanta duka.