Kafin ka ɗaga bayan jif ɗinka: sifirin da kaya da lafiyar ƙugu

 Tambayar da ta fi yawa a filinmu na masu motoci tun da damina ta kankama ita ce ta bayan mota. Wani daga Yendi, wani daga Bolga, wasu daga tsallaken iyaka, Po da Dapaong, duk magana ɗaya: jif ɗina ya zauna ta baya, ina so in sa sifirin da zai ɗaga shi, wanne zan saya? Wasu kuma sun riga sun sa, yanzu kukansu daban ne. Motar ta tashi, ta yi kyau a ido, amma uwargida ta ƙi zama a kujerar baya, tsoho kuma ya ce gara ya hau motar haya da a kai shi asibiti a cikinta.

To bari mu fara da abin da ke rikita mutane. Tsayin sifirin daban, taurinsa daban. Za ka iya samun dogo mai taushi, za ka iya samun gajere mai tauri kamar turmi. Tsayi shi ke ɗaga mota. Tauri shi ke yanke hukuncin yadda za ta lotsa in an ɗora mata kaya, kuma shi ne ƙugunka zai ji a kan hanya. Mai shago sau da yawa zai miƙo maka wanda ya haɗa biyun, dogo kuma mai tauri, ya ce maka wannan ai na aiki ne. E, na aiki ne, amma aikin wa?

Ga lissafi mai sauƙi, misali ne kawai don a gane. A ce sifirin ɗinka yana lotsawa santimita 1 duk lokacin da aka ɗora masa kilo 40. Guda biyu ne a baya, ke nan kilo 80 ke saukar da bayan motar da santimita 1. Ka loda buhu huɗu na masara, kowanne kilo 100, bayan zai sauka kamar santimita 5. Yanzu a canza a sa mai tauri, wanda sai kilo 60 ke lotsa shi santimita 1. Buhunan nan huɗu za su saukar da motar santimita 3 da ɗan kai ne kawai. Ranar kaya ka ci riba. Amma ranar da ba kaya fa? Sifirin mai tauri yana buƙatar nauyi kafin ya fara aiki. In motar fanko ce, taya ta daki rami, maimakon sifirin ya shanye bugun sai ya miƙa shi ga bodi, bodi ya miƙa wa kujera, kujera ta miƙa wa wanda ke zaune. A kan gargada kuwa abin ya wuce rashin jin daɗi: tayoyin baya suna tsalle, suna rabuwa da ƙasa, bayan motar ya riƙa zamewa gefe, musamman a kwana ko in ka taka birki.

Shi ya sa amsar tambayar tana wajen mai mota, ba wajen mai shago ba. Ka zauna ka ƙirga kwanakin wata. Kwana nawa kake zirga-zirga cikin Tamale, daga gida zuwa ofis, zuwa makarantar yara, zuwa kasuwar Aboabo, da mutum biyu ko uku? Kwana nawa kake cika ta da doya ko shinkafa daga gona, ko ka kwashi iyali da kayansu zuwa ƙauye? Mafi yawanmu, in za mu faɗi gaskiya, kwanakin kaya ba su wuce biyu ko uku a wata ba. Mutum ya sayi sifirin saboda kwana uku ya sha wuya kwana ashirin da bakwai, wannan ciniki bai yi ba.

Kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a, irin su Old Man Emu da Dobinsons da Ironman 4x4 da King Springs, dukkansu na Ostireliya, ƙasar da ita ma ke da dogayen hanyoyin burji, suna raba sifirin ɗinsu ne bisa nauyin da motar ke ɗauka. Akwai na mota marar ƙarin kaya, akwai na matsakaicin kaya, akwai wanda aka rubuta masa nauyi na dindindin, misali kilo 200 ko kilo 400. Kalmar dindindin ɗin nan ita ce mutane ke tsallakewa. Ma'anarta nauyin da ba ya sauka daga motar: bamba ta ƙarfe, taya ta biyu, ƙarin tankin mai, akwatin kayan aiki. Motocin ƙungiyoyin agaji da suka cika Tamale, waɗanda kullum suna ɗauke da ma'aikata da jarkoki da kaya a saman rufi zuwa Saboba ko Chereponi, su ne masu irin wannan sifirin. Kai da ka ga tasu ta tsaya cak ka yi sha'awa, ka tuna ba aikinku ɗaya ba.

Sai kuma a duba irin motar. Prado da Fortuner da 4Runner suna da aksil guda miƙaƙƙe a baya, a kan sifirin naɗaɗɗe wanda makanikai ke ce wa koyil. Hilux da Land Cruiser 78 da 79 sifirin mai falle-falle ne a bayansu. Pajero daga wajen 1999 zuwa sama, da ƙanana irin su RAV4 da Highlander, kowace tayar baya zaman kanta take yi, kuma in ka ɗaga su da yawa tayar takan karkace ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya. Akwai kuma irin Lexus GX470 da wasu manyan Prado da ke zuwa da balan-balan na iska a baya maimakon sifirin. In irin wannan ta zauna, galibi balan-balan ɗin ne ya huje ko famfonsa ya mutu, sai a fara duba nan.

Wani abu da ya kamata a ji da kyau: a mota mai aksil miƙaƙƙe, sifirin yana ɗaga bodi da firam ne, ba ya ɗaga aksil. Tulun nan da ke tsakiyar aksil, wanda shi ne ke fara gugar ƙasa in ka shiga sawun tifa ko tarakta, yana nan inda yake. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Abin da ka samu shi ne bambar baya da tankin mai da salansa sun ƙara nisa da ƙasa, ka daina jin ƙarar nan in ka sauka kwalbati ko ka haye tudun rage gudu, irin waɗanda suka yi yawa a garuruwan hanyar Tamale zuwa Bolga, Savelugu da Walewale da sauransu, waɗanda 'yan uwanmu na Burkina ke wa laƙabi da jandarma kwance. Kuma don Allah kada ɗagawar ta ba ka ƙarfin halin shiga ruwa. Lokacin da aka buɗe madatsar Bagre, wajen Agusta zuwa Satumba, kogi ya cika ya haye hanya, santimita 5 ba ta raba mota da ambaliya.

Nawa za a ɗaga? A ganina ga mai amfanin yau da kullum, kada a wuce milimita 40 zuwa 50, wato inci 2 ko ƙasa da haka. Sau da yawa ma ba ɗagawa motar ke buƙata ba. Jif ɗin da aka shigo da shi na hannu, ya yi shekara goma ko goma sha biyar a wata ƙasa kafin ya iso Tema, sifirin ɗinsa ya riga ya gaji. Sabo mai tsayin asali kaɗai zai mayar da motar inda kamfani ya ajiye ta, ka ga ta tashi ba tare da ka taɓa komai ba. Yadda za ka gane: ka faka a wuri mai daidai, ka sauke kaya, ka auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi, dama da hagu, gaba da baya, ka rubuta. Ka samu irin motarka mai lafiya ka auna ka gwada.

In ka wuce inci 2, aiki ya ƙaru. Shokozoba na asali zai yi gajarta, duk lokacin da taya ta faɗa rami sai ya miƙe har ƙarshe ya buga, ba da daɗewa ba ya fara yoyon mai. Tiyon birki da wayar ABS suna iya ɗamewa. Ƙarfen nan da ke kwance a gicciye yana riƙe aksil kada ya yi dama ko hagu zai ja aksil ɗin gefe ɗaya. Farfela ta canza kusurwa, ka fara jin karkarwa a wani gudu. A tsofaffin motoci akwai wani bawul a baya da ke ƙara ko rage ƙarfin birkin baya bisa yadda motar ta lotsa. In ka ɗaga ba ka gyara shi ba, sai ya ɗauka motar fanko ce ko da a cike take, birkin baya ya ragu. Wannan magana ce ta rai. Sannan duk motar da ta ƙara tsayi ta ƙara saurin kifewa in aka fizge sitiyari, ga shanu da babura da keke a hanyoyinmu.

Shokozoba kuwa, shi ne rabin jin daɗin. Sifirin yana karɓar bugu, shokozoba yana hana shi ci gaba da lilo. Ka sa sifirin sabo mai ƙarfi a kan shokozoba da ya mutu, motar za ta riƙa rawa kamar kwalekwale. Yawancin waɗanda ke zagin sifirin, in aka duba, laifin na nan ne. A sayi biyun tare, waɗanda aka yi domin juna, kuma a canza dama da hagu lokaci guda.

To mai kwana uku na kaya fa, ya zai yi? Akwai mafita biyu. Ta farko sifirin mai tauri biyu: wasu zagayen nasa a matse suke, wasu a buɗe, sai ya yi taushi in motar fanko ce, ya ƙara tauri in kaya ya danne shi. Ta biyu balan-balan ɗin taimako da ake cusawa cikin koyil, ka hura iska ranar kaya, ka rage in ka sauke. Wannan yana da kyau, sai dai yana son kulawa, ƙaya da tsakuwa da ƙura ba sa raga masa, kuma ba a barinsa babu iska gaba ɗaya. Akwai kuma zoben roba ko na ƙarfe da ake ɗorawa kan sifirin. Shi yana ɗaga mota ba tare da ya ƙara tauri ba, kuma da arha, amma in sifirin ya gaji to ya gaji, zobe ba ya warkar da shi.

Makanikanmu, ko fita kamar yadda muke faɗi a nan Gana, suna da nasu dabarun, musamman a sifirin mai falle: a buge shi da guduma ya sake lanƙwasa, ko a ƙara falle ɗaya. Bugun yana ɗaga mota na ɗan lokaci, sannan ta koma. Ƙarin falle yana riƙe kaya, amma yana ƙara tauri sosai, ya dace da mai ɗaukar kaya kullum. Wanda ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a gasa koyil da wutar walda a ja shi don ya yi tsawo. Ƙarfen sifirin dafa shi aka yi a masana'anta da ƙa'ida, wuta tana kashe wannan dahuwar, daga baya ya zauna ko ya karye, kuma ba ya sallama kafin ya karye.

Wanda zai aika Suame Magazine a Kumasi ko Abossey Okai a Akara a sayo masa, ya ba da lambar shasi da shekarar mota, ba sunanta kawai ba, domin Prado ma kala-kala ce. In na hannu ne, a jera biyun a ƙasa a ga tsayinsu, a ƙirga zagaye, a auna kaurin ƙarfen, a duba tsatsa mai zurfi da alamar ƙuna. A lura kuma, wasu motocin da gangan ake yi musu sifirin gefe ɗaya ya ɗan fi tsawo saboda nauyin direba da tankin mai. In an rubuta dama da hagu, kada fita ya musanya.

Bayan an ɗaura, a sauke motar ta tsaya kan tayoyinta kafin a ɗaure kusoshin bushi, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. A je a yi alaimen. A saita fitilun gaba, domin in baya ya tashi haske yana faɗuwa kusa da hanci. A duba iskar taya da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Da yawa masu facin taya suna cika ta fiye da kima, kuma taya mai iska da yawa kaɗai ta isa ta sa mota mai lafiya ta riƙa dukan mutum. A takardar nan ko farantin da ke jikin motar za ka ga iyakar nauyin da kamfani ya yarda ta ɗauka. Sabon sifirin bai canza wannan lamba ba, domin birki da boris da taya duk na da ne, kuma ranar da ka kai ta DVLA gwajin lafiyar mota, su ma birkin da fitilun za su duba.

Bayan mako biyu ko uku, sifirin zai ɗan zauna. Ka sake aunawa daga tsakiyar wili zuwa madigadi, ka gwada da abin da ka rubuta tun farko, ka sa a sake bin kusoshin da sifana.