Tada fankar ɗakin wanka ba tare da hannu ba: wace hanya ta dace da yanayinmu?

1. Gabatarwa

A gidajen siminti na Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram, ɗakin wanka ya koma cikin gida, sau da yawa babu taga. Laimar da wanka ke bari tana ɓamɓare fenti, ta kawo fumfuna a bango, ta sa ƙarfe tsatsa. Maganin abin shi ne fanka mai zuƙe iska zuwa waje; amma mutane kan manta da kunna ta, ko su bar ta tana cin kuran har safe. A nan za mu duba hanyoyi uku na sa ta tashi da kanta.

2. Hanyoyi uku

Hanya ta farko ita ce na'urar awon laima, wadda ke kunna fanka idan laimar iska ta haura wani mizani, misali 70 cikin ɗari. A ƙasarmu wannan mizani yana da cikas. A watan Maris laimar iska da rana kan sauka ƙasa da 20 cikin ɗari, a watan Agusta kuwa takan wuce 70 ko ba a yi wanka ba. Ke nan da damina fanka ba za ta tsaya ba, da rani kuma tana iya ƙin tashi. Gyaran shi ne a sa na'urar ta lura da saurin hawan laima cikin ƴan mintoci, ba yawanta kaɗai ba.

Hanya ta biyu ita ce manna ma'aunin zafi a jikin bututun ruwan zafi. Tana aiki a inda ake wanka da ruwan zafi kullum. Mu kuwa, in ban da lokacin ɗari, da ruwan sanyi akasari muke wanka.

Hanya ta uku ita ce makunni na cikin bututu. Idan aka buɗe famfo, ruwa yana tura wani ɗan maganaɗisu, shi kuma ya haɗa waya, fanka ta tashi. Ba ruwansa da damina ko rani, zafi ko sanyi. Sharaɗinsa ɗaya: ruwa ya zo da ƙarfin da zai iya tura maganaɗisun.

3. Jinkirin tsayawa

Laima ba ta fita da zarar an rufe famfo. Mu ɗauki ɗaki mai tsawon mita 2, faɗin mita 1,5, da tsayin mita 3, wato mita kubik 9. Fanka mai zuƙe mita kubik 90 a awa tana sauya iskarsa sau ɗaya kowane minti 6. Saboda haka a haɗa agogon jinkiri na minti 15 zuwa 20, a kuma bar ƴar kafa ƙarƙashin ƙofa don sabuwar iska ta shigo.

4. Kariya

Kuran na gida bolt 220 ne, jiƙaƙƙen jiki kuwa ba ya tare shi. Makunnin bututu ya yi aiki da bolt 12, ta hanyar rele da aka ajiye wajen ɗakin, layin kuma ya bi ta na'urar katse wuta ta miliyampa 30.

5. Kammalawa

A ganinmu, makunnin bututu haɗe da agogon jinkiri shi ya fi dacewa da Sahel, domin buɗe famfo yake bi, ba yanayin shekara ba.