Bindigogin soja na gwanjo a Amurka: lambar da ke jikin ƙarfe ta fi sabon fenti faɗin gaskiya

A garin Anniston na jihar Alabama akwai wata hukuma mai suna CMP, wadda majalisar dokokin Amurka ta kafa a 1996 don ta riƙa gyara tsofaffin bindigogin soja tana sayar wa ƴan ƙasar da suka cika sharuɗɗa. A 2018 ta karɓi bindigogi samfurin M1 Garand kusan 86,000 da aka maido daga ƙasar Filifin, inda aka kai su a matsayin taimakon soja shekaru da dama da suka wuce. Kafin a sayar da kowace guda, sai an wargaza ta an auna.

Abin da ake aunawa ba ya bayyana ga ido. Akwai ƴar tazara tsakanin gindin harsashi da ƙarfen da ke toshe shi ta baya. Idan ta yi yawa, kwanson harsashin yana iya tsagewa ya watsa wa mai harbi zazzafar iska a fuska. Ana kuma duba yadda cikin bututun ya cinye, domin har zuwa farkon shekarun 1950 yawancin harsasan sojan Amurka suna barin wani gishiri mai jawo tsatsa idan ba a wanke ba. Bututun da ya lalace ana iya canza shi, haka ma ƙota. Matsalar tana ga uwar bindigar, wato gidan ƙarfen da ke riƙe da sauran sassa kuma yake shan ƙarfin fashewar albarushi.

Labarin Springfield M1903 ya isa misali. A masaƙar makamai ta Springfield da ta Rock Island, maƙera suna kimanta zafin ƙarfe ne da ido, ta launin jan da ya yi. A ranar da rana ta haska sosai, sai su ga kamar bai yi ja ba, su ƙara masa wuta har ya ƙone, ya zama mai saurin tarwatsewa. Sai a ƙarshen 1917 aka sanya na'urorin auna zafi, a 1918 kuma aka sauya hanyar gasa ƙarfen. Kafin nan an riga an ƙera kusan miliyan guda. Janar Julian Hatcher, wanda ya bi diddigin lamarin, ya lissafa guda 68 da suka fashe tsakanin 1917 da 1929, inda sojoji suka ji raunuka.

68 cikin miliyan ba yawa ba ne, kuma da wannan ne masu kare bindigar suke kafa hujja har yau. Sai dai babu hanyar ware mai kyau daga maras kyau ba tare da an lalata ta ba. Da yawa daga cikinsu an yi musu kwaskwarima lokacin yaƙin duniya na biyu, an sa musu sabon bututu, suka fito kamar sababbi alhali uwar tana nan yadda take. Shi ya sa CMP take gargaɗin kada a harba ƙirar Springfield mai lamba ƙasa da 800,000, ko ta Rock Island mai lamba ƙasa da 285,507. A rataye ta a bango kawai.

Wanda ya fi wannan muni shi ne aikin ƴan kasuwa. A shekarun 1960 wasu sun riƙa sayen uwayen M1 Garand da soja suka datse gida biyu a matsayin bola, su haɗa rabin wannan da rabin waccan da walda, su goge, su shafa fenti. Irinsu suna yawo a kasuwa har yanzu, kuma masana kan gano su ne idan lambar da ke baya ba ta dace da shekarar alamomin da ke gaba ba.

A nan ne tsarin Turai ya sha bamban. A ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CIP, kamar Faransa da Beljiyam, doka ta tilasta a kai bindiga gidan gwaji, irin na Saint-Étienne ko Liège, a harba ta da harsashin da ya fi na yau da kullum matsi da kashi 25 cikin 100, sannan a buga mata hatimi. Idan an canza mata babban sashe, sai ta koma gwaji. Amurka ba ta cikin yarjejeniyar, don haka wanda ya sayi tsohuwar bindigar soja a hannun ɗan kasuwa, shi zai nemi maƙerin da zai auna masa ita, da kuɗinsa.