TATTASAN DA YA ƘI RUƁEWA

A cikin watan Agusta na 1930, a garin Carmel da ke Jihar Kalifoniya ta Amurka, wani mai ɗaukar hoto da ake kira Edward Weston ya ajiye tattasai guda ɗaya a gaban kyamararsa. Ya daɗe yana fama da ɗaukar tattasai, amma bai sami abin da ya kwanta masa a rai ba. A wannan karon sai ya sa shi cikin wani babban mazurari na kwano, wanda ya riƙa mayar da haske yana zagaye shi ta ko'ina. Hoton da ya fito shi ne ake kira Tattasai Na 30, kuma har yanzu yana cikin hotunan da suka fi shahara a duniya.

Hoton baƙi da fari ne. Wanda ya dube shi da farko yakan zaci bayan wani ƙaƙƙarfan mutum ne ya duƙa, saboda yadda tattasan ya cika, ya murɗe, fatarsa tana sheƙi. Ga shi cikinsa dam da iri, watau tattasan baɗi yana ɓoye a cikin na bana.

To, amma in an lura da kyau, akwai wani tabo a can ƙasan bayansa, inda ya fara lalacewa. Weston bai juya shi don ya ɓoye tabon ba. A nan ne hikimar hoton take, domin ya nuna cewa ranar da abu ya kai ƙarshen cikarsa, ranar ce ruɓa take kama shi.

Irin waɗannan tattasai, bayan an gama ɗauka, a kan teburin abincin gidansa suke ƙarewa. Shi ma kansa bai tsira ba. Ciwon karkarwa ya kama shi, har ya ɗauki hotonsa na ƙarshe a 1948, ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1958. Bayan mutuwarsa ɗansa Cole ya ci gaba da wanke hotunan mahaifinsa daga fim ɗin da ya bari.

Yau shekara fiye da 90 ke nan, tabon nan yana nan yadda yake a kan takarda, bai ƙaru ba ko da ƙwayar gero.