Ciwon Gwiwa Lokacin Shan Maganin Cutar Laim: Hutu da Motsi

Cutar Laim gidanta Amurka da Turai ne. Ta fi yawa a arewa maso gabashin Amurka, da ƙasashe irin su Jamus da Ostiriya. Idan karatu ko aiki ya kai ka can, ko kana da wani naka da aka ce ya kamu, wannan bayani naka ne.

Mece ce cutar?

Wata ƙaramar kaska ce ke kawo ta. Ba ta kai girman kaskar da ka saba gani a jikin shanu ba. Tun tana ƙarama ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, shi ya sa mutane da yawa ba su san ta cije su ba. Tana ɗaukar ƙwayar cutar daga ɓeraye da tsuntsaye, ta maƙale a jikin mutumin da ya ratsa ciyawa ko kurmi. Yawanci sai ta wuce kwana ɗaya a maƙale kafin ta zuba cutar. Mutum ba ya sa wa mutum.

Sunan ya fito daga garin Laim na jihar Konetikat, inda a 1975 aka lura yara da yawa suna kumburin gaɓoɓi. A 1982 aka bayyana ƙwayar da ke haddasa ta.

Da farko jan tabo kan fito a wurin cizon tsakanin kwana 3 zuwa 30, yana ta faɗaɗa. Idan ba a yi magani ba, bayan watanni cutar kan sauka a manyan gaɓoɓi, musamman gwiwa. Gwiwar takan cika da ruwa, ta yi ɗumi, ta ƙi lanƙwasuwa. Idan haka ta same ka bayan ka dawo gida, ka gaya wa likita ƙasar da ka je, don kada a ɗauka sanyin ƙashi ne.

Ka sha maganin har ƙarshe

Maganin kumburin gaɓa na Laim yakan ɗauki kwana 28. Ana ba da doksisaikilin ko amoksisilin. Mai ciki amoksisilin ake ba ta. Idan doksisaikilin aka ba ka:

Ka haɗiye shi da ruwa kofi cike, kada ka kwanta sai bayan rabin awa.
Ka bar awa 2 zuwa 3 tsakaninsa da nono, kindirmo, maganin ƙarin jini, ko maganin ƙwannafi.
Ka guji rana mai zafi, don maganin yana sa fata saurin ƙonewa.

Wani yakan ji zazzaɓi da ciwon jiki sun ƙaru a ranar farko. Kada ya daina sha, ya sanar da asibiti.

Kuskure biyu

Mutumin da ya saba buga ƙwallo, gudu, ko doguwar tafiya, zama yakan fi ciwon damunsa. Wani sai ya ɗaure gwiwa ya koma fili kamar da, kumburin ya ƙaru. Wani kuma tsoro ya kama shi, ya kwanta wata guda bai taka ƙafar ba. A aikina na sha ganin ƙarshen irin wannan kwanciya ga masu ciwon gwiwa iri-iri: cinya ta rame, gwiwa ta sandare, ciwon ya warke amma mutum na ɗingishi. Tsokar gaban cinya ita ke riƙe gwiwa, kuma da an daina amfani da ita take fara raguwa. Saboda haka ka hutar da gwiwa daga nauyi, amma kada ka hana ta motsi.

Ranakun da kumburi ya yi yawa

Ka ɗora ƙafar a kan matashi, ta fi ƙugu tudu. Ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15, sau 3 a rana. Ka bar tsuguno, durƙuso, da ɗaukar kaya. Sanda ba abin kunya ba ce. Ka riƙe ta a hannun da ke gefen ƙafa mai lafiya.

Kana kwance a tabarma kana iya yin waɗannan, kowanne sau 10, safe da yamma:

Ka miƙe ƙafar, ka danna bayan gwiwa ƙasa, ka ƙirga biyar, ka saki.
Ka jawo diddige a hankali wajen ɗuwawu har inda zafi ya fara, ka mayar.
Ka lanƙwasa ƙafa mai lafiya, ka ɗaga mai ciwon a miƙe kamar taƙi ɗaya, ka sauke.

Parasitamol yana rage zafi. Ibufurofen yana rage kumburi, amma sai bayan cin abinci, kuma ba na mai gyambon ciki, ciwon ƙoda, ko mai juna biyu ba ne. Kada a yi wa gwiwar tsaga ko ƙaho, kada mai ɗori ya murza ta. Babu ƙashin da ya goce, kuma tsaga tana buɗe wa wata cutar ƙofa.

Komawa motsa jiki

Idan kumburi ya sauka, ka fara da tafiyar minti 10 a wuri mai laushi, marar tudu. Ka ƙara kaɗan kowane mako. Keke da ninƙaya suna da kyau, don ba sa buga gwiwa. Gudu da ƙwallo su ne na ƙarshe, bayan likita ya yarda.

Washegari ce ke nuna maka ko ka yi daidai. Idan ka tashi gwiwa ta ƙara kumbura, jiya ka wuce iyaka, ka rage rabi. Idan tana nan yadda take, ka ci gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada ka ƙaurace wa abokan wasanka. Ka je bakin fili ka zauna da su, don kaɗaici yana ƙara wa ciwo nauyi. Idan ɓacin rai ya hana ka barci ko cin abinci, ka faɗa wa ma'aikacin jinya.

Ka tafi asibiti nan take idan:

Zuciyarka tana bugawa ba daidai ba, jiri ko suma, ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama. Cutar takan taɓa zuciya, kuma motsa jiki a wannan hali haɗari ne.
Gefen fuskarka ya karkace, ko ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya.
Gwiwa ta yi zafi ƙwarai, ga zazzaɓi, ka kasa taka ƙafar.

Idan magani ya ƙare kumburi bai ƙare ba

Yawancin mutane suna warkewa sarai. Kaɗan daga cikinsu kumburin kan daɗe watanni bayan ƙwayar cutar ta mutu. Ka koma wurin likita: yana iya sake ba ka maganin, ko ya sa a yi maka na allura ta jijiya, ko ya juya ga maganin kumburi. Kada ka sayi ƙari da kanka. Ka riƙa rubuta yadda gwiwar ta kwana da minti nawa ka yi tafiya, ka tafi da takardar ranar da aka ce ka dawo.