Koya wa Ƙananan Kaji Hawa Akurki Mai Ƙafa

A ƙasar Katagum, tun daga Azare har zuwa tsohon garin Katagum da ke bakin kogin Jama'are, da wuya a shiga gida ba a tarar da kaji suna kiwo a tsakar gida ba. Galibi dukiyar mata ce da yara, ita ake ɗauka a kai kasuwa in wata 'yar bukata ta taso. Akurkin da aka gada na ƙasa ne, a jikin katanga ko a gindin rumbu. Yana da sanyi da rani, amma da damina yana jan laima, kuma wuri ne mai sauƙin shiga ga gafiya da maciji da kwarkwasa. Ƙasar kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa yakan kwanta. A daminar 2024 ambaliya ta kai ga yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin Ƙaramar Hukumar Katagum, balle akurkin laka. Saboda haka ne akurki mai ƙafa ya fi dacewa, watau wanda aka ɗaga sama da ƙasa, aka jingina masa katako domin kaji su hau.

To, sai dai kuma mai kiwo yakan kashe kuɗinsa wajen kafinta, magariba ta yi, ya tarar ƙananan kajin sun taru a ƙarƙashin akurkin, ko ɗaya bai hau ba. Nan muzuru ko tunku zai same su. Wasu sukan ce wautar kaza ce. Ba haka ba ne. Asalin kaza tsuntsuwar daji ce ta kudu maso gabashin Asiya, wadda kan bishiya take kwana, don haka son hawa sama yana cikin jininta. Abin da ya hana ta abu biyu ne: ko dai ba ta san akurkin nan shi ne gidanta ba, ko kuwa matakalar ce ta fi ƙarfinta.

A fara duba matakalar, gama yawancin laifin nata ne. Katakon da ya miƙe tsaye kamar tsani ba ya hawuwa ga ƙaramar kaza. Hanya mai sauƙi ita ce tsawon katakon ya ninka tsayin ƙofar akurki daga ƙasa. Idan ƙofar ta kai santimita 60, katakon ya zama santimita 120. In katakon ya gaza, sai a ɗora gindinsa kan bulo ko dutse, gangaren ya ragu. Faɗinsa kada ya kasa santimita 20, kimanin ɗani ɗaya na babban mutum. Sa'an nan a buga ƙananan itatuwa a gicciye, tsakanin kowane biyu kamar faɗin yatsu huɗu, domin farce ya sami abin kamawa. Kafintoci suna son goge katako ya yi sumul, to, wannan kyau ba ya amfanin kaza, mai kaushi ya fi. Kada a yi matakala da kwano ko langalanga, domin tana santsi, kuma ranar Azare takan mai da ita kamar tanda. A kuma ɗaure ta tamau. Kazar da katako ya taɓa girgiza da ita takan daɗe ba ta sake gwadawa ba.

Bayan haka sai a duba shekarun kajin. 'Yan tsakin da ba su gama fitar da gashi ba, watau waɗanda ba su kai sati 5 ko 6 ba, wurinsu ƙasa ne, cikin ɗumi. A nan akwai wani haɗari ga kazar gida mai 'ya'ya: uwar takan haye ita kaɗai, 'ya'yan su tsaya a ƙasa suna kuka har sanyin dare ya kama su. Gara a kifa musu kwando tare da uwar a cikin ɗaki har su yi ƙwari. Waɗanda injin ya ƙyanƙyashe, irin su Shikabrown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta samar, ba su da uwar da za su kwaikwaya, mai kiwo shi ne uwarsu. Yana da kyau tun suna sati 2 ko 3 a ajiye musu sanda ko guntun katako mai ɗan tudu su riƙa wasan hawa. Wani binciken da masana na ƙasar Suwidin suka buga a 2000 ya nuna kajin da suka tashi ba abin hawa har sati 8 sun fi shan wahalar kai wa wuri mai tudu daga baya.

Ranar da aka mai da su sabon akurki, kada a sake su a tsakar gida. A sa su ciki da ruwa da dusa, a rufe na kwana 3 ko 4, har su san nan ne makwancinsu. Amma lalle a kula da lokaci. Daga Maris zuwa Mayu zafi a wannan yanki yakan wuce digiri 40, kuma kulle kaji da rana a akurki mai rufin kwano kashe su ne. A irin wannan lokaci sai a kewaye gindin akurkin da raga ko zana, su yini a inuwa, da yamma a ɗora su ciki da hannu.

Da aka buɗe musu, a bari su sauko da ƙafarsu, domin kazar da ta sauka ta matakala ta san hanyar komawa. Da la'asar sakaliya, kafin a ba su abincin yamma, a barbaɗa gero ko ɗan gara a kan kowane mataki, a zuba mai yawa a bakin ƙofa daga ciki. Waɗanda suka ƙi, a ɗauke su a hankali a ajiye a tsakiyar katakon, fuska sama, su ƙarasa da kansu. Washegari a ajiye su ƙasa da nan. Ba a korarsu da sanda, ba a barin yara su bi su da gudu.

Kaza ba ta gani sosai cikin duhu, kuma cikin akurki yakan riga waje yin duhu, sai ta ƙi shiga. Ƙaramar fitila mai batir ko mai cajin rana, in an rataya ta ciki na ɗan lokaci da magariba, takan jawo su. Fitilar kananzir kuwa ko kusa, saboda gobara. Da zarar biyu ko uku sun gane, sauran sukan bi, kuma mafi yawa ba sa wuce mako guda.

Idan kajin da suka saba hawa suka daina farat ɗaya, a duba cikin akurkin da dare. Sau da yawa ƙuma ce ko kaska ta cika tsagogin katako, ko kuwa wani abu ya taɓa shiga ya firgita su. Kazar da ta kasa hawa tana tangaɗi ko wuyanta ya murɗe, musamman da hunturu, a ware ta nan da nan a nemi malamin dabbobi, gama alamar annobar Niyukasul ce, wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom take yin rigakafinta.